Makullin Motar da Ke Ƙarƙashin Tamfol

Na fita takaba a tsakiyar damina, lokacin da gero ya kai ƙugu, garin Gwarzo ya yi kore shar kamar an wanke shi. Maigidana malamin gona ne. Ciwon kwana shida ya yi, Allah Ya karɓi abinsa. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, da gidan da muke ciki, da wata mota ruwan toka 'yar Kwatano wadda ya saya shekara biyu kafin rasuwarsa. Da malamai suka zauna rabon gado, mahaifinsa ya ce shi ko tayarta ba ya so, a bar wa marayu da uwarsu.

Tun ranar da aka kai shi makwanci wana ya ja tamfol ya rufe ta a gindin mangwaron tsakar gida. Wata huɗu da kwana goma ina kallon ta ta taga. Ruwa ya riƙa taruwa a kwarin tamfol, tsuntsaye suna sauka su sha. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta mafaka, wata har ta yi kwanci a can ta fito da 'yan tsaki. Wani lokaci da la'asar sakaliya, ina zaune a kan darduma da carbi a hannu, sai in ga kamar tamfol ɗin yana numfashi, alhali iska ce kawai.

Ni malamar firamare ce, a Kabo nake koyarwa. A shekarun nan an ƙaddamar da Shari'a, an kuma shiga tsuke bakin aljihu, abu biyun suka haɗu a kan hanyata ta zuwa aiki. Mai ya yi wuya, motocin haya suka ragu. Ga maganar hawan mata a acaɓa ta yi zafi, har mace mai koyar da yara ta fara jin nauyin a gan ta a bayan babur. Ranar da na koma aiki na tsaya a tasha tun hantsi bai fito ba, ban isa makaranta ba sai da aka fita tara. Da na dawo da yamma na tsaya a gaban tamfol ɗin na daɗe. A nan na ƙudurta a raina zan koyi tuƙi, ban gaya wa kowa ba.

Makullin na same shi a aljihun wata shuɗiyar rigarsa da ban iya bayarwa sadaka ba. Ƙarfe ne, da wani baƙin kai na roba mai maɓalli biyu, ɗaya na kullewa ɗaya na buɗewa. Rimot muke ce masa. Akwai 'yar fitila ja a samansa wadda ke ƙyaftawa in an danna. Na danna, ba ta ƙyafta ba.

Ranar kasuwa na kai shi wurin wani mai gyaran agogo da ke zama a bakin rumfar masu tabarmi, da akwatinsa na gilashi cike da agoguna, kowanne da nasa lokacin. Ya ɓare rimot ɗin gida biyu, ya ciro wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga, ya sa sabo, ya mayar ya rufe. Rana ta take, hasken ya cika ido. Ya danna, ya miƙo mini.

"Ya yi, Hajiya. Sai dai a sha yawo lafiya."

Da na iso gida na yaye tamfol ɗin. Ganyen mangwaro ya manne a gilashi, gizo-gizo ya yi saƙa daga madubi zuwa ƙofa. Na tsaya na danna. Shiru. Na matsa kusa na danna. Na ja da baya har bakin rijiya, na ɗaga hannu sama kamar mai kiran wani daga nesa. Babbar 'yata tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallo.

"Umma, Abba a haɓarsa yake ɗorawa in yana nesa."

Na ɗora a haɓata na danna. Ba abin da ya motsa sai kaza da ta leƙo daga ƙarƙashin mota ta koma. Muka yi dariya ni da yarinyar, dariyar farko da na ji ta fito mini daga ciki tun bazara.

Surukina yana zaune ne a Gude. Malami ne na allo, asalinsu makiyaya, kakanninsa suka zauna suka kama noma da karatu. Ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa ba sau ɗaya ba. Maigidana shi ne ɗansa na fari, saboda haka ban taɓa jin ya kama sunansa ba, sai dai ya ce "wancan" ko "mutumin naku". Ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayensa. Yakan zo ranar Juma'a ya duba jikokinsa, ya shimfiɗa buzunsa a zaure.

Wannan Juma'ar na kai masa fura, na durƙusa daga gefen ƙofa.

"Baba, barka da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malama. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya. Ya su Inna? Ya damina?"

"Alhamdu lillahi. Ruwa ya yi gyara. Na ga an buɗe wa dabbar taku fuska."

Motar yake nufi. Na sunkuyar da kai na gaya masa yadda aka yi da batir. Ban yi zaton zai ce komai ba, don shi mutum ne da ko rediyo ba ya kunnawa da kansa. Sai ya miƙo tafin hannu. Na ajiye makullin a gefen buzu, ya ɗauka.

Ya daɗe yana juya shi. Ya sa babban yatsansa a kan maɓallin kullewa, inda robar ta lotsa ta yi sulɓi.

"Wannan gefen ya sha hannu," in ji shi.

Yatsan nasa ya zauna a cikin lotsawar nan, ni kuma na kafa ido a kan tabarma. Can waje wani mai tallan gyaɗa ya wuce, muryarsa ta yi nisa ta ɓace. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Daga baya ya laluba aljihu ya ciro 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita. Ya sa bakinta a tsagar rimot ɗin, ya murɗa a hankali, abin ya buɗe. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kawo shi dab da idonsa.

"Zo ki gani. Akwai wani ɗan harshe na ƙarfe a nan, ya kwanta. Batirin yana sama, shi yana ƙasa, ba sa taɓa juna. Ga kuma wani kore-kore irin na tsohuwar tagulla."

Ya kankare koren nan da bakin wuƙa, yana hurewa, kamar yadda yake goge kuskure a takarda ba tare da ya huda ta ba. Sannan ya ɗaga harshen kaɗan, ya mayar da batir, ya haɗe. Ya dunƙule hannuwansa biyu ya yi duhu a ciki, ya danna, ya leƙa ta tsakanin yatsu. Na ga jan haske ya ƙyafta a tafinsa kamar garwashi a cikin toka.

"Ga shi nan da ransa."

Muka fita tsakar gida, shi a gaba ni a baya. Na danna. Fitilar ta ƙyafta, mota ko gezau. Ya tsaya yana shafa gemu.

"To, mai kira dai yana kira. Sai a duba wanda ake kiran, ko kunnensa ne."

Gaskiyarsa. Washegari wana ya zo, ya buɗe ƙofar da ƙarfen makullin, ya murɗa, ko tari motar ba ta yi ba. Babban batirinta ya mutu murus saboda zama. Ya kwance shi, ya ɗaura a bayan babur ya kai wa mai caji. Sai aka yi rashin sa'a ba wuta a garin, batir ya kwana uku a can yana jiran a kawo.

Kwana ukun nan su na fi tunawa. Tun da ƙofa a buɗe take, in na dawo daga Kabo na yi sallar la'asar sai in shiga in zauna a kujerar mai zaman banza, inda na saba zama. Cikin motar yana nan da ƙamshinsa, turarensa da ɗan warin takin zamani da ba ya rabuwa da kayansa. Hularsa tana gaban gilashi. A aljihun ƙofa na sami ɓarin goro ya bushe kamar dutse, da asuwaki, da wasu 'yan ƙullin leda na irin masara da ya rubuta wa sunayen ƙauyuka.

Rana ta biyu hadari ya taso daga gabas ina ciki. Ban fita ba. Ruwa ya sauko a kan rufin, ya riƙa gangarowa a gilashi har gidan ya narke, ɗakina da rijiya da turmi duk suka zama launi-launi masu motsi. Sai na ji kamar tafiya muke yi. Ga hanyar Gude, ga dawa hagu da dama ta fi mota tsayi, ga shi yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna mini gonar da ƙuduji ya kama, yana faɗa da mai gonar da ba ya wurin. Na san ba barci nake ba, don ina jin ƙaramar 'yata tana waƙa a rumfa. Amma na bar tafiyar ta ci gaba. Mun wuce wata gada, mun wuce mata masu ɗauke da itace, bai juyo ya dube ni ba ko sau ɗaya, kamar yadda ba ya juyowa in yana tuƙi. Da ruwan ya tsagaita, mangwaro ya ci gaba da ɗiga a kan rufin ɗaya-ɗaya, na ga ashe hannuna yana kan ƙaramin akwatin da ke gabana. Na buɗe. Takardun mota ne, da wani ɗan littafi mai hotuna, an rubuta shi da wani harshe da ba Turancin da na sani ba.

Da batir ya dawo, wana ya sayo galan ɗaya na mai a wurin 'yan bumburutu, ya zuba, ya yi ta murɗawa yana lallashi. Can ta kama, ta yi aman baƙin hayaƙi, kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya kashe, muka fito, na danna rimot. Fitila ta ƙyafta. Mota ta yi kamar ba da ita ake ba.

Wana ya tambayo wani mai gyaran wayar mota a Kabo, aka ce masa irin wannan sai an kai ta Kano an sa mata na'ura.

"Ke, ki rabu da shi," in ji wana. "Ƙarfen nan yana buɗewa yana kullewa, yana tayar da ita. Me ya rage? Man da za a ƙona zuwa Kano ai ya kai ki makaranta sati guda."

"Haka ne, Yaya."

Ban iya gaya masa ba. Duk yamma in maigidana ya dawo, yakan shigo da motar, ya fito, ya taka har bakin rumfa, sannan ya danna ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Sai ta yi wani ɗan kuka sau biyu, ƙwit-ƙwit, ƙofofi su ce ƙaras. Da wannan nake sanin lokacin sauke tukunya ya yi. Yaya za a yi mace mai 'ya'ya biyu ta ce wa wanta wannan kukan take nema?

Akwai wata maƙwabciyarmu da muke kira Hajiya 'yar Damagaram, don daga can aka auro ta tun da daɗewa. Babbar mace ce mai jiki, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. Wata Asabar da hantsi ta shigo kawo mini turare, ta tarar da ni zaune a mota ƙofa a buɗe, ina kallon hotunan ɗan littafin nan.

"Salamu alaikum. Malama, karatu ake yi a mota?"

"Amin, alaikumus salam. Sannu da zuwa, Hajiya. Ina fa karatu, kallon hoto dai. Ban san ko yaren wace ƙasa ba ne."

Ta karɓa, ta miƙar da hannu ta nesanta shi da idonta. Sai na ga leɓɓanta suna motsi.

"Ikon Allah. Ai Faransanci ne. Na yi lakwal, makarantar bokonmu ta can, shekara shida kafin a cire ni."

Shekara goma muna katanga ɗaya, ban taɓa sani ba. Ta buɗe ƙofar baya ta zauna, motar ta ɗan nutsa. Ta yi ta buɗe shafi har ta kai inda aka zana makulli. Ta fara karantawa a bayyane, da farko tana tuntuɓe, daga baya harshen ya saki. Muryarta ta sauya, ta yi siriri ta koma ta yarinya, har na rufe ido na ga wata 'yar makaranta da kitso biyu tsaye a gaban allo a wani gari mai rairayi da ban taɓa zuwa ba. Ita ma ta tsaya, ta ce malamarsu takan sa ta karanta wa aji don ta fi kowa murya.

"To, ga abin da suka ce. In an canza batir, ko abin ya daɗe ba a taɓa shi ba, sai an sake haɗa shi da motar. Ki sa makulli, ki kunna, ki danna na kullewa."

Na koma kujerar direba, karo na farko a rayuwata. Na sa makulli na murɗa har ƙarshe, mota ta tashi da ƙara, na firgita na saki. Na danna, na kashe, muka fito muka gwada. Babu.

Ta koma ta sake bin layin da yatsa.

"A'a, laifina ne. Ba tayarwa suka ce ba. Ki murɗa dai har fitilun gaban nan su kama, ki tsaya a nan."

Na yi haka. Fitilu ja da rawaya suka kama a bayan sitiyari. Muka tsaya muna kallon su, tana neman layi na gaba, ta same shi, ta yi salati.

"Kash, mun makara. Wai nan take ake dannawa, kafin a ƙirga goma. Kashe mu sake."

A karo na uku na yi bisimilla, na murɗa, na danna nan da nan na riƙe, ita kuma tana ƙirgawa da Faransancinta a hankali kamar mai rarrashin jariri. Na saki, na kashe, na zare makulli. Littafin ya ce a ɗan dakata, muka dakata. Wata iska mai ɗauke da ƙamshin ƙasa ta ratsa ta tagogi. Muka fito, muka rufe ƙofofi, na ja da baya zuwa bakin rumfa. Na danna.

Ƙwit-ƙwit. Fitilun gefe suka ƙyafta, ƙofofi suka ce ƙaras.

Hajiya ta rangaɗa guɗa. Kafin ta rufe baki ƙaramar 'yata ta fito daga ɗaki a guje, ba ɗankwali, ta wuce mu ta nufi mota. Ta zagaya ta, ta leƙa zaure, ta tsaya. Sannan ta dawo a hankali, ta kama zanen Hajiya ta ɓoye fuskarta a ciki. Hajiya ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa, ta shiga zagaya tsakar gida da ita tana yi mata wata waƙar makarantarsu. Ni kuwa na zauna a kan turmi da makulli a cinya, na yi kukan da ya sauƙaƙa mini ƙirji.

Koyon tuƙin ya ɗauke ni sauran damina. Wana ya yi ta gunaguni, amma duk Asabar da safe yakan kai ni filin ƙwallon wata makaranta a bayan gari, in yi ta zagaye ina kashe mota ina tayarwa. Magana ta yi yawo a unguwa, wai mace, kuma wadda mijinta bai shekara da rasuwa ba. Wani ya kai zancen har Gude. Abin da surukina ya ce, kamar yadda aka kawo mini, shi ne a zamanin da suke tashi da shanu mahaifiyarsa ce ke jan takarkari a gaba, maza suna baya, bai kuma ji wani malami ya hana ta ba. Daga nan maganar ta mutu. Kafin a yanke gero na fara zuwa Kabo da kaina, da malamai mata uku a baya, muna haɗa man tare.

Wata Juma'a da kaka na ce wa surukina zan mayar da shi gida. Ya naɗe buzunsa. A bakin mota ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, kamar zai shiga masallaci. Yaran suna baya. Na tuƙa a hankali ƙwarai, har wani mai keke ya cim mana, ya gaishe da Malam ta taga, ya tambayi mutanen gida, ya wuce mu. An kwantar da gero a gonaki, dammuna a tsaye jeri-jeri, rana ta yi laushi tana zuba a kansu kamar man shanu. Kafin mu kai rabin hanya na ji numfashinsa ya canza. Ya yi barci, kansa a jingine da gilashi, takalma a cinya.

Da muka isa Gude ya farka ya sauka, mata suka fito ƙofar gida suna kallo. Inna, uwar maigidana, ta fito daga ƙarshe tana dogara sanda. Na fito na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta dubi motar, ta dube ni.

"Ke kika jawo ta tun daga Gwarzo?"

"Ni ce, Inna."

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

Ta miƙa wa wata jikarta sandar, ta ce a buɗe mata. Na zaunar da ita a gaba, na kai ta har bakin kukar da ke ƙarshen gari, na juyo na dawo da ita ƙofar gida. Na kashe mota na zagayo zan fito da ita. Ta riƙe ƙofar ta ciki.

"Ban gama ganin dawar mutane ba," in ji ta. "Ƙara zagayowa."